Sa Hannun Frane

"Tihana Vidulić... biyo ni."

Ta miƙe da sauri daga bencin da ta shafe awa guda a kai, littafin horonta rungume a ƙirji. Barba Vicko ne ya kira ta (Barba, wato Baffa, haka suke kiran dattawan teku), shugaban kwamitin jarrabawa, tsohon babban injiniya da ya yi shekara talatin a teku kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi tudu. Samari takwas da suke jira tare da ita suka bi ta da ido.

Sai dai ba ɗakin jarrabawa ya nufa ba. Ofishinsa ya tura, ya jira ta shiga, ya rufe ƙofa.

Ta tsaya a tsakiyar ofishin.

"Barba, lafiya?"

"Zauna, 'yata."

"Ko wata takarda ce ban kawo ba? Ta likita tana nan, ta kashe gobara tana nan, ta..."

"Na ce ki zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera. Ya cire tabarau ya murza idanunsa, sannan ya turo mata wata farar takarda.

"Jiya wannan ta iso. Ba za ki zauna jarrabawa yau ba."

Ta fara karantawa, layukan suna rawa a idonta. Mai takardar ya ce shi ne injiniya na biyu a jirgin Lastavica lokacin da take koyon aiki. Ya ce ayyuka goma sha ɗaya da ke ɗauke da sa hannunsa a littafinta, ba shi ya sa ba, ita ta kwaikwayi hannunsa. Ga lambar shafi, ga kwanan wata, ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi kada a ba ta shaidar zama injiniya, don rayukan mutane ne a hannun mai tsaron inji.

Idonta ya sauka ƙasan takardar.

Frane Budinić.

Ta sake karanta sunan.

Hannunsa ne. Ta san shi kamar yadda ta san tafin hannunta, har da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe ta koma baya.

"A'a... a'a, Barba... ba zai yiwu ba!"

"Kin san shi?"

"Na san shi?" Ta ɗaga hannunta na hagu, ta nuna masa zoben da ke yatsanta. "Shi zan aura a watan Oktoba!"

Tsohon ya kalli zoben.

"Uwar Yesu," ya ce a hankali.

"Ku kira shi! Ku tambaye shi!"

"Waya ba ta warware irin wannan. Sai ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban kwamiti. Kamfaninsa sun ce jirginsa yana tekun Indiya, saura wata huɗu kwantiraginsa ya cika."

"Wata huɗu? Barba, nan da mako uku jirgina zai tashi! An ba ni gurbin injiniya ta uku, shaidar kawai suke jira!"

"Na sani. Idan kuma abin da ke cikin takardar nan ya tabbata, ba gurbin kaɗai za ki rasa ba. Watanninki goma sha biyu sun tafi, kuma babu kamfanin da zai sake kallonki."

Ba ta san yadda ta fito ba. Ta dai tsinci kanta a bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Rijeka, iska tana dukan fuskarta, kwafin takardar a dunƙule cikin hannunta.

*

Shekara takwas ta yi tana hawa tsanin nan.

Huɗu a makarantar koyon aikin teku ta tsibirinsu, Lošinj, ita kaɗai mace a ajin inji. Uku a jami'a a Rijeka, tana fama da lissafi da zanen injuna. Sannan shekara guda cur a cikin jirgi, tana koyon aiki. Duk abin da ta yi da hannunta, daga wanke matatar mai zuwa tayar da janareta, sai babba ya duba ya sa hannu a littafin horo. Da littafin ake zuwa jarrabawa. Wanda ya ci ya zama injiniya na uku, bayan wasu shekaru da wata jarrabawar ya zama na biyu, mai rabo ya kai babban injiniya.

Kamar mahaifinta.

Tana da shekara goma sha ɗaya gobara ta tashi a ɗakin injin jirginsa. Mutum biyu ya fitar. Shi bai fito ba.

Tun ranar mahaifiyarta, Ljerka, ta tsani duk abin da ke yawo a kan ruwa. Ranar da Tihana ta zaɓi ajin inji, kwana tara Ljerka ba ta yi mata magana ba.

A Lastavica ta haɗu da Frane. Ɗan tsibirinsu ne, amma ya girme ta da shekara bakwai, sanin nesa kawai ta yi masa. Ranar farko ko gaisuwarta bai amsa ba, sifana ya miƙa mata.

"Ga matatar mai can. Kwance ta, wanke ta, ɗaura ta."

Ta yi awa biyar. Ya zo ya duba, ya ce, "Sake."

"Me ya yi?"

"Idan ba ki ga abin da ya yi ba, shi ne dalilin da za ki sake."

Sau uku ta sake. Ta shiga ɗakinta ta yi kuka, ta zage shi tas a zuciyarta, har da kakanninsa. Wata biyar bai taɓa sa mata hannu a kan aikin da bai ga ta yi sau biyu ba. Sai ranar da zai sauka, jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin tsanin jirgi yana sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da satar ɓaure.

"Yanzu ni ba ubangidanki ba ne."

"Na gode wa Allah."

"To... idan kin dawo gida, zan iya zuwa in kai ki shan kofi?"

Baki ta saki tana kallonsa.

"Kai? Kai da ko murmushi ba ka iya ba?"

"Wata biyar ina danne shi, Tihana. Haƙarƙarina har ciwo yake."

Daga nan aka fara. Amma mahaifiyarsa Ondina, wadda kowa ke kira Teta, wato Gwaggo, ta ce sam. Miji a teku, mata a teku, wa zai riƙe gida? Kifaye ne za su yi renon jikokinta? Ita tuni ta yi wa ɗanta mata: Nives, 'yar mai ofishin da ke sama wa ma'aikatan tsibirin jiragen aiki, yarinya mai farce ja da ƙamshin turare, wadda ba ta taɓa sanin warin baƙin mai ba.

Kwana biyu kafin Frane ya koma teku suka yi faɗa mafi muni. Ya ce ta karɓi aikin ofis bayan aure. Ta ce ba ta yi shekara takwas don ta zauna tana buga takardu ba. Ransa ya ɓaci, ya buga tebur.

"Na rantse, da ina da iko, da ba ki sake taka jirgi ba!"

Sun shirya kafin ya tafi. Ta ɗauka maganar ta wuce.

Yanzu, tsaye a bakin tasha, maganar ta dawo mata kamar mari.

Ta ɗauki hoton takardar ta tura masa. Ta rubuta a ƙasa: *Ashe ka samu ikon.* Sannan ta toshe lambarsa, ta zare zoben ta jefa cikin jaka.

*

Kwana biyu ta yi a ɗaki ba ta leƙa waje ba. Mahaifiyarta tana shigowa da miyar kifi tana fita da ita yadda ta kawo.

"Ki ci ko kaɗan ne, ruhina. Duniya ba ta ƙare ba. Ofishin tashar nan ma suna neman mai ilimi irin naki..."

A rana ta uku ta fito shan iska. Tana wucewa ta gaban shagon kofi na bakin ruwa ta ji an kira ta da murya mai zaƙi.

"Tihana! Wayyo, 'yar uwa, zo ki zauna!"

Nives ce, ƙafa ɗaya kan ɗaya, baƙin tabarau a saman gashi.

"Na ji abin da ya faru. A ofishinmu ba abin da ke ɓuya. Na rasa barci saboda ke, kin san Allah."

"Na gode."

"Maza! Kin ga irin halinsu ko? Amma ni ban yi mamaki ba. Frane mutum ne mai gaskiya, ba zai iya ganin ana cutar aiki ya yi shiru ba."

"Ban kwaikwayi hannun kowa ba, Nives."

"Haba, ni ai ban ce kin yi ba! Ke dai abin tausayi ne. Duk wahalar nan, littafin da kika ɗauka kamar ɗa, har da hoton marigayi babanki a maƙale a bangon baya..."

Tihana ta tsaya cak.

"Me kika ce?"

"Na ce abin tausayi..."

"Hoton babana. A ina kika gan shi?"

Murmushin Nives ya ɗan girgiza.

"Ai... kowa ya sani. Wani ne ya faɗa."

"Wa?"

Nives ta ɗauki kofinta ta kai baki.

Tihana ta zuba mata ido. Bayan ta sauko daga jirgi ta maƙala hoton nan. Tun ranar littafin yana cikin aljihun teburin ɗakinta, a gidansu, bai fita ba sai ranar jarrabawa. Ko Frane bai taɓa ganin hoton ba.

Mutum ɗaya ne kawai yake shiga ɗakin.

Ba ta ƙara kallon Nives ba. Da gudu ta hau matattakalar unguwarsu, tana tuntuɓe, tana faɗa wa kanta ƙarya ne, ƙarya ne, Allah ya sa ƙarya ne.

Ljerka tana kicin tana fere kifi.

"Mama."

"Kin dawo? Wanke hannu, yanzu zan..."

"Wa kika ba littafina?"

Wuƙar ta tsaya.

Ljerka ba ta juyo ba. Bayanta kawai Tihana take kallo, da kafaɗun da suka sauka a hankali kamar an sace musu iska.

"Mama, ki ce min ba ke ba ce. Don Allah ki ce min ba ke ba ce!"

"Awa ɗaya kawai Nives ta ɗauke shi," in ji Ljerka, muryarta can ƙasa. "Ta ce hoto za ta ɗauka. Ta ce za su dakatar da ke ne kawai, ki rasa jirgin nan, ki huce, ki zauna."

Tihana ta dafa bango.

"Ke? Ke, Mama?"

"Ni."

"Shekara takwas! Kina gani ina karatu har idona ya kumbura! Ke kike kawo min shayi!"

Ljerka ta juyo. Hawaye ya jiƙa mata fuska har haɓa, hannayenta duk ɓawon kifi.

"Akwati rufaffe suka kawo min, Tihana! Rufaffe! Suka ce kada in buɗe. Shekara goma sha biyar ina tare da mutum, ban ga fuskarsa na yi masa sallama ba. Kina so in sake tsayawa a bakin tasha ina jiran wani akwatin? Ki tsane ni! Na yarda ki tsane ni har in mutu, in dai kina numfashi!"

"Ɓarauniya kika mayar da ni a idon duniya."

"Ban san haka za ta rubuta ba..."

"Sa hannun fa? Frane yana ciki?"

"Ban sani ba. Na rantse da kabarin ubanki, wannan ban sani ba."

Tihana ta shige ɗaki ta murɗa makulli. Kuka ma ya ƙi zuwa. Ta zauna a ƙasa ta zuba wa ƙofa ido.

*

Da hantsin rana ta biyar aka buga ƙofar gida kamar za a ɓalle ta.

"Tihana! Buɗe!"

Ta san muryar. Amma mai muryar yana tekun Indiya.

Ta fito da rigar barci, ta zare sakata.

Frane ne. Gemu ya cika masa fuska, idanu jajur, jakarsa a kafaɗa. Hannunsa ɗaya riƙe da na mahaifiyarsa, Teta Ondina, wadda ta sunkuyar da kai, ɗankwalin cefane a karkace.

"Kai... yaya aka yi..."

"A Suez na sauka. Jirgin sama biyu, mota, jirgin fito. Kin toshe ni, ta ina zan yi miki magana? Ta bakin kifi?"

"Kwantiraginka fa?"

"Na karya."

"Frane! Wannan tafiyar ce za su ɗaga ka zuwa babban injiniya!"

"Sun ɗaga wani." Ya jawo mahaifiyarsa gaba. "Mama, faɗa mata."

"Ɗana, a bakin ƙofa? Maƙwabta suna..."

"Su ji! Faɗa mata abin da kika faɗa min!"

Teta Ondina ta gyara ɗankwalinta.

"Duk tafiya yakan bar min farar takarda biyu da sa hannunsa... saboda sabunta rajistar kwalekwale, ko wani abin ofis idan ya taso..."

Tihana ta toshe baki da hannu.

"Na ba Nives guda ɗaya."

"Shi ya sa hannun ya zama nawa," in ji Frane. "Nawa ne. Maganar da ke sama ce ba tawa ba."

Motsi ya sa suka juya. Ljerka ce tsaye a ƙofar kicin, fuskarta fari fat.

"Ondina! Ashe ke ce kika ba da takardar?"

"Ke kuma kika ba da littafin! Kada ki kalle ni haka, Ljerka, a benci ɗaya muka zauna bayan coci!"

Frane ya saki jakarsa ta faɗi.

"Tsaya... ku biyu? Ku da kuka yi shekara ashirin ba kwa gaisawa saboda itacen zaitun guda ɗaya?"

"Nawa ne itacen," in ji Ondina.

"A gonata saiwarsa take," in ji Ljerka.

"Ikon Allah!" Frane ya kama kansa da hannu biyu. "Shekara ashirin limamin coci yana fama ya shirya ku ya kasa, ashe jira kuke mu zo ku haɗu ku kashe mu!"

Wata dariya mai haɗe da kuka ta ƙwace wa Tihana. Ta zame ta zauna a kan dakali. Frane ya durƙusa a gabanta.

"Kin yarda zan yi miki haka? Ni?"

"Kai ka ce da kana da iko ba zan sake taka jirgi ba."

Ya runtse ido.

"Na faɗa. Kuma har zuciyata na faɗa, ba zan yi miki ƙarya ba. Na san abin da ke cikin ɗakin inji, na ga yatsun da suka tafi, na ga fatar da tururi ya saɓule. Idan na tuna kina can ƙasa, abinci ba ya wuce min. Amma ni na koya miki aikin nan, rabin raina. Na ga yadda fuskarki take idan inji ya tashi a hannunki. In kwana da tsoro ya fi min sauƙi a kan in gan ki kina bushewa a bayan tebur."

"Mahaifin Nives ba zai bar ka ba."

"Ya riga ya kira ni. Ya ce muddin yana da rai ba zan sake samun jirgi ta hannunsa ba, kuma zai gaya wa sauran."

"Wayyo, Frane... shekarunka goma sha uku..."

"Suna nan, ba su gudu ba. Ina zobena?"

"Yana cikin jaka."

"Cikin jaka! Tare da biro da tsohon tikiti? Ɗauko min abina."

*

Ranar Litinin su huɗu suka tsaya gaban kwamiti. Ba wanda ya ce wa Ljerka ta zo. Da sassafe kawai suka tarar da ita a bakin tasha cikin baƙar rigarta ta coci, ta shiga jirgin fito tana damƙe da ƙarfe, idonta a rufe har suka tsallaka.

Frane ya duba shafi goma sha ɗaya, ya ce kowanne hannunsa ne, kuma kowane aiki sau biyu ya sa ta yi. Ondina ta faɗi nata tana share hanci. Sai Ljerka ta miƙe.

Barba Vicko ya zuba mata ido, ya cire tabarau.

"Ljerka? Matar Dinko Vidulić?"

"Ni ce, Barba."

"Na yi shekara uku a jirgi ɗaya da mijinki." Ya girgiza kai. "Ke kika yi wa 'yarsa wannan?"

"Ni na yi. Idan akwai hukunci, ni za a yi wa. Yarinyar nan ko allura ba ta taɓa sata ba."

Suka fita, kwamiti ya yi shawara. Da aka dawo da su, Barba Vicko ya ce za a miƙa takardar ƙaryar ga lauya. Tihana kuwa za ta zauna jarrabawa, amma tunda an taɓa sunanta, ba zai bar ƙofar da wani zai yi gunaguni gobe ba. Bayan tambayoyin baki, za ta sauka ɗakin gwaji ta yi ayyukan nan goma sha ɗaya a gaban idonsu.

"Yaushe?" ta tambaya.

"Yanzu."

"Yanzu?!"

"Inji ba ya sanar da ranar da zai lalace, 'yata."

Awa shida ta yi. Ta kunna tukunyar tururi mataki-mataki. Ta haɗa janareta biyu suka ɗauki wuta tare. Suka ɓata mata famfo da gangan, ta gano cikin minti bakwai. Wani ɗan kwamiti mai ƙaramin gemu ya yi ta jefo mata tambayoyi ta baya, tana amsawa hannunta bai bar sifana ba. Da ta kai kan matatar mai, sai ta ji dariya tana neman kuɓuce mata. Ko ido a rufe za ta ɗaura ta.

Da la'asar ta fito, baƙin mai har goshi.

Mutum uku suka miƙe a tare daga benci.

Barba Vicko ya biyo bayanta yana ɗingishi, ya dubi Frane.

"Kai ne ka koya mata?"

"Ni ne, Barba."

"To ka ji tsoron kujerarka." Ya juya ya miƙa wa Tihana hannu. "Barka, Injiniya Vidulić."

Frane ya yi wani ihu da ya sa magatakarda ya leƙo daga ofis. Ya ɗaga Tihana sama, farar rigarsa ta koma baƙa. Ta saman kafaɗarsa ta hango mahaifiyarta ta koma ta zauna, ta rufe fuska da tafukan hannu.

Tihana ba ta je wurinta ba.

Ba ranar ba.

*

Nives ba ta jira ƙarshen maganar lauya a tsibirin ba. Ta haɗa kayanta ta koma wurin gwaggonta a Zagreb, shagon kofi ya samu abin tattaunawa na wata guda.

Aka jawo auren daga Oktoba zuwa Asabar mai zuwa, don amarya za ta tafi wata biyar. Ondina ta yi gunaguni cewa ba a taɓa yin biki a gurguje haka a danginsu ba, sannan ta gasa rago biyu. Kwana goma Tihana tana gida ɗaya da mahaifiyarta, magana ba ta wuce "ina kwana".

Da safiyar auren ta shiga ɗaki ɗauko mayafi, sai ta tarar da Ljerka zaune a bakin gado. Ba rigar amarya ce a cinyarta ba. Sabuwar rigar aiki ce da kamfani ya aiko, tana ɗinka mata igiyar zinare a kafaɗa, alamar injiniya ta uku. Ta soki yatsanta ya fi sau uku.

"Ni nake ɗinka wa ubanki," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Tun daga guda ɗaya har huɗu. Ba ya yarda tela ya taɓa."

Tihana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ta karkace, Mama."

"Na sani. Ido ya tafi."

"Bar ta haka."

Ta zo ta durƙusa, ta kwantar da kanta a kan gwiwar uwar. Sai a lokacin kukan da ya ƙi zuwa ya zo, su biyu, har mai yi wa amarya kwalliya ta shigo ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Me kuka yi wa fuskar nan? Saura awa ɗaya!"

Kwana shida bayan biki, Tihana ta ɗauki jakarta. Iyayen mata biyu suka rako ta bakin tasha, kowace da ƙullin abincinta, suna musun na wa ya fi daɗewa bai lalace ba.

Frane bai rako ta ba, yana wurin aiki. Jirgin fiton tsibirin ne ya ɗauke shi, ɗan ƙaramin inji mai tari, albashi rabin na da. Shi ne zai tsallakar da ita.

Sun yi nisa da gaɓa ya hauro daga ƙasa, tsumma a hannu, gumi a wuya.

"Minti biyu gare ni, matar Budinić."

"Injiniya Budinić."

"Tuba nake." Ya sumbaci goshinta. "Kada ki tsaya ƙarƙashin abin da ake ɗagawa. Kada ki yarda da bawul ɗin da ba ke kika rufe ba. Ki ci abinci."

"To, Mama."

"Shekara nawa kafin ki zama ta biyu?"

"Biyu, idan Allah ya so."

"Babba fa?"

"Ka ba ni takwas."

"Zan jira. Ina so in shiga shagon kofi a ce ga mijin babbar injiniya." Ya yi saurin juyawa. "Bari in koma, kafin tsohon injin nan ya mutu a tsakiyar ruwa."

Ya kama tsani zai sauka. Ita kuwa ta karkata kai, tafin ƙafarta yana sauraron rawar da daɓen jirgin yake yi.

"Frane!"

Ya juyo, idonsa ya ciko, yana jiran kalma mai daɗi.

"Silinda ta uku ba ta ƙona mai daidai."

"Me?"

"Saurara."

"Ke, jiya-jiya na duba injin nan da hannuna!"

"Na ce ka saurara."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan tsani. Ya kasa kunne. Ta ga bakinsa yana buɗewa a hankali, idanunsa suna girma.

"Uwar Yesu..." ya ce. "Ta uku ce."

Tihana ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga.

"Saura minti ashirin mu isa. Matsa, miƙo min sifana."